An rubuta wa mahaifina kolistin, an ce shi ne magani na ƙarshe: mu yarda?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah mai sana'ar kaji a Agege. Mahaifinsa dattijo ne mai ciwon suga, an yi masa tiyata a ciki a wani asibiti a nan Legas, ga shi yau ya shiga mako na uku a sashen kulawa ta musamman. Zazzaɓi ya ƙi sauka, an yi ta canza allurai har aka kai ga meropenem, shi ma bai yi ba. Gwajin jini ya nuna wata ƙwayar cuta mai suna Klebsiella, likitoci suka ce sai kolistin, kuma daga shi babu wani. Yana son ya sani ko an fid da rai ne, ko da gaske maganin yana kashe ƙoda kamar yadda ya ji, sannan ya ce ya sha ganin wannan suna a jikin garin maganin da suke zuba wa kaji a ruwa, ko abu ɗaya ne?

Malam, sannu da jinya. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce. Aikina tsakanin ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta ne da gadon marasa lafiya irin Baba, don haka zan gaya maka abin da nake gaya wa 'yan'uwa idan muka tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

Ba a fid da rai ba. Likitan da ya fid da rai ba zai sa ku nemi magani mai tsada da wahalar bayarwa irin wannan ba. Amma ba zan rufe ka ba, Klebsiella mai bijire wa meropenem a cikin jinin dattijo mai ciwon suga babban al'amari ne, akwai waɗanda ake bai wa kolistin su tashi, akwai waɗanda ake bai wa kuma rai ya yi halinsa. Idan har a jini aka sami ƙwayar, kuma gwaji ya nuna sauran magungunan da ke hannu ba sa taɓa ta, shawarata ita ce ku yarda, kuma kada ku ɓata kwana biyu kuna shawara da dangi na Arewa ta waya. A irin wannan ciwo, jinkirin fara maganin da ke aiki shi kansa yana kashewa.

Na san za ka ji wasu na cewa jikin Baba ne ya saba da magani. Ba haka ba ne. Ƙwayar ce ta koyi kare kanta, kuma mai yiwuwa ta koya ne a jikin wasu mutane tun kafin ta iso gare shi. Klebsiella tana zaune a hanjin mutane da yawa ba ta yi musu komai. Sai an buɗe mata hanya, ta tiyata, ko robar fitsari, ko robar da aka sa a babbar jijiya, ko bututun numfashi, sannan take shiga inda bai kamata ba. A da seftriyazon, allurar nan da ake yi wa mutane a kemis da sunan taifod, tana gamawa da ita. Da aka yi ta ɗirka ta ba gaira ba dalili, ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin da ke wargaza ta suka tsira suka yaɗu. Muka koma kan meropenem da danginsa. Su ma aka sami ƙwayoyin da ke wargaza su. Ɗaya daga cikin sinadaran da suke amfani da shi, NDM, an fara bayyana shi a 2009, kuma yanzu ana samun sa a asibitocin Najeriya. Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bijirewar ƙwayoyin cuta, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin da abin ya fi muni shi ne namu, Yammacin Afirka.

Shi kolistin tsohon magani ne, ba sabo ba. Masana a Japan ne suka samo shi wajen 1950 daga wata ƙwaya da ke rayuwa a cikin ƙasa, aka fara bai wa marasa lafiya a 1959. Zuwa shekarun 1970 likitoci sun ajiye shi saboda yadda yake taɓa ƙoda da jijiyoyi, ga kuma sababbin magunguna masu sauƙi sun fito. Ya daɗe a ajiye, kuma wannan ajiyewar ce ta sa ƙwayoyin asibiti ba su san shi sosai ba. Da aka shiga shekarun 2000 sababbin suka fara gazawa, sai aka koma aka ɗauko shi. Rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan kashe ƙwayoyin cuta gida uku: na yau da kullum, na sa ido, da na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai an rasa mafita. Kolistin yana cikin na ajiya.

Yadda yake aiki shi ne yana manne wa fatar waje ta ƙwayar, ya ture sinadaran da ke riƙe da ita, fatar ta tsage, ƙwayar ta mutu. Rukuni ɗaya na ƙwayoyi kawai yake kamawa, irin su Klebsiella, E. coli, Pseudomonas da Acinetobacter. Ba ya komai ga Staphylococcus, kuma ko a cikin rukunin nasa akwai irin su Proteus da Serratia da tun asali ba ya cin su. Ba ya shiga huhu sosai idan an ba da shi ta jijiya. Na faɗi wannan ne don kada kowa a gidanku ya ɗauka wai shi ne mafi ƙarfin magani a duniya, har wani ya ce a nemo masa idan ciwon sanyi ya dame shi. Da akwai wani mai aiki a kan ƙwayar Baba, da shi za mu zaɓa mu bar kolistin.

Akwai tambayoyin da ya kamata ka yi da safe lokacin da manyan likitoci ke zagaye. Idan Turanci ko Yarabanci na ba ka wahala, ka zo da wanda zai fassara maka tsakani da Allah, kada kunya ta sa ka gyaɗa kai kan abin da ba ka gane ba. Ka tambaya daga ina aka ɗauki abin da aka gwada. Tunda ka ce jini ne, to wannan hujja ce mai ƙarfi. Da a ce daga majinar bututun numfashi ne, ko fitsarin tsohuwar roba, da na ce a dakata a duba, domin sau da yawa ƙwaya tana zaune a waɗannan wurare ba tare da ita ce ke jawo zazzaɓin ba, kuma ba a bai wa mutum kolistin don kawai takarda ta nuna suna mai ban tsoro. Ka kuma tambaya ta wace hanya aka gwada kolistin ɗin a kan ƙwayar. Wannan abu ne da ko wasu ma'aikata ba su damu da shi ba. Hanyar da aka saba, ta ɗora 'yar takarda mai magani a kan faranti a ga faɗin inda ƙwaya ta ƙi tsirowa, ba abin dogaro ba ce ga kolistin, saboda ba ya yaɗuwa da kyau a cikin farantin. Hanyar da hukumomin gwaji na Turai da Amurka suka amince da ita ita ce ta tsarma maganin mataki-mataki a cikin ruwan rainon ƙwaya. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin ta ba. Idan ba a yi ta ba, ba dalilin ƙin farawa ba ne, amma dalili ne na sa ido: kwana uku ba canji, a sake ɗaukar jini, a sake tunani.

Tambaya ta uku ita ce ko akwai wani zaɓi. A ƙasashen da ke da hali, kolistin ya fara komawa baya saboda an sami sababbi masu sauƙi ga ƙoda, kamar seftazidim da aka haɗa da abibaktam, wanda ya fito a Amurka a 2015. Sai dai shi kaɗai ba ya cin ƙwaya mai NDM, sai an haɗa shi da aztiriyonam, ga tsada ga wuyar samu a nan. Akwai kuma ɗan'uwan kolistin na jini, polimiksin B, wanda ƙwararru da yawa suka fi so idan ciwon a jini yake, domin yana kai ma'aunin da ake so da sauri. Shi kolistin ya fi dacewa da ciwon mafitsara. Idan polimiksin B ɗin aka samu, kada ku tsorata in fuskar Baba da wuyansa sun yi duhu, sananniyar illarsa ce. Yin tambayar ba raina likita ba ne.

Yanzu maganar ƙoda, wadda na san ita ce ta hana ka barci. Gaskiya ne yana taɓa ta. Alƙaluman bincike sun bambanta, amma yawanci tsakanin mutum 2 zuwa 5 cikin 10 da aka bai wa sukan nuna alamar ƙoda ta taɓu. Abin da masu ba ka labari ba su faɗa ba shi ne, a mafi yawan lokuta ƙodar tana farfaɗowa bayan an gama maganin ko an rage shi, waɗanda ke kaiwa ga wankin ƙoda su ne marasa rinjaye. Abu na biyu da ba su faɗa ba: ita kanta ƙwayar da ke jini tana lalata ƙoda, ta hanyar faɗuwar bugun jini da ƙarancin jinin da ke isa gare ta. Wanda ya ƙi maganin don ya tsare ƙoda bai tsare ta ba. Baba yana cikin waɗanda haɗarin ya fi yawa a kansu, saboda shekaru da ciwon suga, don haka sa idon ma sai ya fi na kowa.

Sa idon nan abu biyu ne. Na farko gwajin jini na kiriyatinin, mai nuna yadda ƙoda ke aiki, kafin a fara da kuma kullum ko kusan kullum yayin da ake bayarwa. Na san kuɗin gwaji yana taruwa, kuma na san a nan ne iyalai ke fara cewa a ɗaga zuwa jibi. In dai za a rage wani abu, kada ya zama wannan, domin da sakamakonsa ake gyara adadin maganin. Na biyu fitsari. Jakar da ke rataye a gefen gado tana ba da labari kafin jini ya bayar. Mutum mai nauyin kilo 60 da fitsarinsa ya gaza mililita 30 a awa ɗaya har tsawon awa 6, ƙodarsa tana neman agaji. Ma'aikatan jinya suna rubutawa, amma kai ma in ka ga jaka ta wuni ba ta motsa ba, ka yi magana da ladabi.

Ga inda hannunku yake kai tsaye. Kada wani ya kawo wa Baba komai daga waje ya ba shi a ɓoye. Diklofenak, ibufurofen, da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da masu talla ke ƙullawa a leda, duk suna ƙara wa ƙoda nauyi, haɗuwarsu da kolistin mugun abu ne. Haka jiƙo da sassaƙe da agbo, ko wane ne ya aiko da su kuma ko da wace kyakkyawar niyya. Addu'a da tofi ku yawaita, ba su da karo da magani. In an ce za a yi hoton da ake sa ruwan allura a jijiya, ko za a ƙara allurar jentamisin ko amikasin, waɗanda su ma suke taɓa ƙoda, ka tuna wa likita cewa yana kan kolistin. Wani lokaci dole ce ke sa a haɗa, amma a haɗa da sani.

Yana kuma taɓa jijiyoyi, ko da yake ba kamar ƙoda ba: jin dindiris a leɓe da harshe, jiri, kasala a gaɓoɓi, a wasu 'yan lokuta har raunin numfashi. In Baba yana magana ya faɗi irin wannan, a sanar nan take.

Batun saye shi ne inda na fi jin tsoro, domin a asibitocinmu sau da yawa ku ake miƙa wa takarda ku nemo. Allurar da ake sa wa a jijiya sunanta kolistimetet sodiyam, sai ta shiga jiki take juyewa ta zama kolistin. Kamfanoni ba su rubuta ƙarfinta iri ɗaya. Wasu kwalabe an rubuta yunit, miliyan 1 ko miliyan 2. Wasu an rubuta miligiram, kuma miligiram ɗin ma kashi biyu ne: na garin da ke cikin kwalba, da na ainihin kolistin mai aiki. Yunit miliyan 1 daidai yake da kusan miligiram 80 na garin, amma kusan miligiram 33 ne na mai aikin. Wato lamba ɗaya a kwalba biyu tana iya nufin bambancin kusan ninki biyu da rabi. Wannan ruɗani ya jawo kurakurai a ƙasashen da suka fi mu tsari, balle inda yau aka sayo na wannan kamfani gobe na wancan. Saboda haka duk lokacin da kwalin da ka sayo ya bambanta da na jiya, kada ka miƙa kawai ka juya. Ka nuna wa mai harhaɗa magunguna na asibitin da likita, ka ce musu wannan wani iri ne, a sake lissafi.

Ga babba mai lafiyar ƙoda, abin da aka saba shi ne a fara da yunit miliyan 9 a karon farko, sannan kusan miliyan 9 a kowace rana a raba biyu ko uku. In ƙoda ta yi rauni ana rage na kullum, amma ba a rage na farkon, domin shi ke sa maganin ya kai ƙarfinsa a jini da wuri. Ban kawo lambobin nan don ka gyara wa likita ba, na kawo su ne don ka yi lissafin aljihu. In kwalbar miliyan 1 ce, kwalba 9 ke nan a rana, mako guda ya haura 60. Ka tambaya tun yau kwana nawa ake sa ran yi, ka tara 'yan'uwa da abokan sana'a a san yadda za a yi, a saya da yawa lokaci guda. Abin da ya fi ɓata wannan magani a wurinmu shi ne tsallake: a ba da na safe, na dare babu saboda kuɗi bai zo ba ko wanda aka aika ya maƙale a cunkoson hanya. Ƙwayar da ta sami wannan sarari tana farfaɗowa, kuma tana iya koyon bijire wa kolistin ɗin ana tsakiyar jinya.

Za a ce maka ka shiga Idumota ya fi araha. Ina roƙonka kada ka yi wa wannan magani haka. A watan Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Onica da Aba na wani lokaci saboda jabu da waɗanda wa'adinsu ya wuce. Jabun kolistin ba ya nuna kansa, sai dai a ga mara lafiya bai samu sauƙi ba a ce ƙwaya ce ta fi ƙarfi. Ka saya a kantin maganin asibitin, ko babban kanti mai rajista da su suka nuna maka, ka duba lambar rajista da ranar ƙarewa, ka karɓi rasit.

Wani abu da ya kai maganin muhimmanci: a gano inda ƙwayar take fitowa. Tunda tiyatar ciki aka yi, in akwai mugunya da ta taru a wani lungu, babu allurar da za ta warkar sai an zuƙe ta ko an sake buɗewa. In robar jijiya ce ko ta fitsari, sai an cire ko an canza. Idan likitoci suka ce za a koma ɗakin tiyata, kada ku ɗauka sun rikice ne. Ku kuma masu jinya, wanke hannu da sabulu kafin taɓa shi da bayan taɓa shi, a rage masu dubiya, kada a riƙa yawo daga gadonsa zuwa na maƙwabci. Idan Allah Ya sa an sallame shi, a sake gwajin ƙoda bayan 'yan makonni, kuma duk asibitin da ya sake zuwa a gaya musu ya taɓa ɗaukar ƙwaya mai bijire wa meropenem, domin tana iya zama a hanji watanni.

Sai tambayarka ta ƙarshe. E, maganin ɗaya ne. Na kaji shi ne kolistin salfet, wanda ake sha. Ba ya ratsa hanji ya shiga jini sai ɗan abin da ba a rasa ba, don haka ba zai yi wa Baba komai ba in an ba shi ta baki, sa shi a jijiya kuwa kisa ne. Amma a wurin ƙwayoyin cuta ba bambanci, wadda ta koyi tsere wa na kaji ta tsere wa na asibiti.

An ga hakan ƙarara a watan Nuwamban 2015, lokacin da masana a China suka bayyana wani ɗan guntun gado da suka kira mcr-1. Kafin nan an san ƙwaya na iya bijire wa kolistin, amma ta bar wa zuriyarta kaɗai. Shi wannan yana kan wani ɗan zobe ne da ƙwayoyi ke miƙa wa juna, E. coli ta kaza ta bai wa Klebsiella ta mutum. A binciken nasu sun same shi a kashi 21 cikin 100 na dabbobin da suka gwada, kashi 15 na ɗanyen nama, da kashi 1 na marasa lafiya a asibiti. Cikin 'yan watanni aka gano shi a nahiyoyi da dama, kuma an same shi a kaji da mutane a Najeriya. China ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don ƙiba daga 2017, bayan haka yawan ƙwayoyin masu bijirewa ya ragu sosai a dabbobi da mutane. Indiya ta hana shi ga dabbobin ci a 2019. Wannan ne ke ba ni ƙarfin gwiwar yi maka maganar, domin abu ne da ke gyaruwa in an daina.

Na san ribar kaji ƙanƙanuwa ce, kuma wanda ya taɓa wayar gari ya tarar da rabin keji a kwance ba zai so a ce masa ya bar magani ba. Ba cewa nake ka bar kaji su mutu ba. Abin da ke ɓarna shi ne zubawa a ruwa kullum don rigakafi ko don su yi nauyi, alhali lafiyarsu ƙalau. Maganin yana zama a hanjinsu, ya kashe masu rauni ya bar masu taurin kai, su fito a kashi, su bi hannun mai fige da wuƙa da teburin yanka, su bi kwata, damina ta zo ruwa ya kwashe su zuwa cikin unguwa. Kashin da ake sayar wa masu lambu a matsayin taki ya kai su kan ganyen da ake ci ɗanye. Ka karanta jikin duk leda da kwalbar da kake saye, domin sau da yawa kolistin yana ɓoye cikin haɗi da wasu magunguna da bitamin, sunansa da ƙananan haruffa. Wanda ka gan shi a ciki ka ajiye, ka gaya wa abokan sana'arka dalili. Allurar rigakafin kaji a kan lokaci, ruwa mai tsabta, rage cunkoso, da ware sababbin zuwa daga tsofaffi suna rage mutuwa fiye da garin nan. In ciwo ya shigo, a kira likitan dabbobi ya duba ya zaɓi wani maganin, a ba da shi iya kwanakin da ya ce, a kuma jira kwanakin da aka rubuta kafin a yanka ko a sayar da ƙwai. Kashin kuma a tara shi ya ruɓe sosai kafin ya tafi lambu.